Wa ke biyan kuɗin magani? Yadda ake yi a nan Nijar da wasu ƙasashe

Jama'a masu saurarenmu a Magarya, Dungas, Bande da Wacha, da 'yan uwa mazauna waje, damina in ta kama, masassarar cizon sauro da tamowa kan cika gidajen likita da yara. A lokacin ne ake sayar da akuya, ko a bugo waya Kano ko Libiya a ce a turo kuɗi. To, yau mun duba yadda ƙasashe ke ɗaukar wannan nauyi.

Mu fara da gida. Tun bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, suka koma tsarin da maras lafiya ke biyan wani abu a CSI, a sayo magani da shi. A 2005 da 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka mayar da fiɗar haihuwa, awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma kyautar nan ai biyanta ake yi: likita ta yi aiki, ta aika lissafi, gwamnati ta maido kuɗin. In kuɗin suka makara, magani ya ƙare, sai majo ya rubuto maka takarda ka tafi farmasi. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi. A Magarya kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara tun 2005, da kuɗin masu taimako na waje.

A Ingila, tun 1948 haraji ke riƙe da asibitoci. Ka ga likita ba ka ciro ko sisi ba, sai dai jiran layi na iya ɗaukar watanni. A Faransa, tun 1945 ana cirar wani kaso daga albashi, mai aiki da uban gidansa kowa ya zuba, asusun ya biya mafi yawan kuɗin magani. A Amurka, yawanci inshora ce ta wurin aiki. Wanda ba ya da ita, kwana biyu a asibiti na iya jefa shi bashi.

Nan kusa, Ghana ta kafa inshorar ƙasa a 2003, tana ciyar da ita da harajin kashi 2.5 cikin 100 kan kayan da ake saye. Ruwanda ta ɗauki hanyar da ta yi kama da adashe: kowane gida ya zuba a shekara, gwamnati ta zuba wa marasa hali. Najeriya ta yi doka a 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, amma har yanzu galibin mutane daga aljihu suke biya.

Bambancin dai shi ne yaushe ake biya, kuma wa ke biya. Inda aka tara kuɗi tun ana lafiya, cuta ba ta cinye rumbun mutum ɗaya. Mu manoma ne, ba albashin da za a cira, amma muna da kaka, muna da ƙungiyoyin mata da na 'yan ci-rani da suka saba tara kuɗi.

Saboda haka, in kun je CSI ku tambayi abin da ke kyauta, in kun biya ku karɓi rasit, ku kuma halarci taron kwamitin lafiya na garinku. 'Yan uwa na waje, ku shawarta da gida a ware wani abu tun kaka, kafin damina mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya.