Abin da ke kayar da ƙananan jiragen koyon tuƙi

Da hantsin ranar Talata 5 ga Maris 2024, wani jirgin fasinja na kamfanin Safarilink ya tashi daga filin jirgi na Wilson da ke Nairobi ɗauke da mutum 44, zai nufi Diani a bakin teku. Bai jima da barin ƙasa ba sai aka ji wata irin ƙara. Ashe karo ya yi da wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi samfurin Cessna 172. Babban jirgin ya juyo ya sauka lafiya, babu wanda ya rasa ransa a ciki. Ƙaramin kuwa ya faɗa cikin gandun namun daji na Nairobi, mutum biyun da ke ciki, malami da mai koyo, duk suka mutu.

Irin wannan labari ba ya yi wa kowa daɗi, amma ya fi tayar da hankalin iyayen da ke da ɗa ko 'ya a makarantar tuƙin jirgi. A yau akwai matasanmu da ke tafiya kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ko Afirka ta Kudu, ko Amurka, kuma sau da yawa sai an sayar da fili ko dangi sun yi karo-karo kafin kuɗin ya cika. Da zarar an ji jirgin koyo ya faɗi, abin da za ka fara ji a majalisa shi ne, ai dama akwala ne, inji ɗaya gare shi, ya mutu shi ke nan. To, bayanan da aka tara a Amurka, inda aka fi yawan irin waɗannan jirage kuma ake bincikar kowane haɗari a rubuta, sun nuna cewa inji ba shi ne babban mai laifi ba.

Gaskiya ne da yawansu tsofaffi ne. Cessna 150 mai kujera biyu an ƙera kusan 24,000 daga 1958 zuwa 1977. Ƙaninsa Cessna 152 ya biyo baya har zuwa 1985, wajen 7,500. Shi kuwa Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda ya shigo kasuwa a 1956, an ƙera sama da 44,000, babu jirgin da aka taɓa ƙerawa da yawa kamarsa a duniya. Saboda haka idan ka riƙa jin sunan Cessna a labarin haɗari, yawansu ne ya jawo, kamar yadda za ka fi jin sunan motar da ta fi yawa a tasha.

Haɗarin da ya fi yawa a makarantun nan wajen sauka yake faruwa. Ɗalibi ya zo da gudu fiye da kima, jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, shi kuma ya ruɗe ya danna hancinsa ƙasa, tsalle na biyu ya fi na farko, a na uku tayar gaba ta karye, farfela ta daki kwalta. Ko iska ta bugo daga gefe ta ture jirgin cikin ciyawa. Wannan asarar dukiya ce da kunya, amma da wuya ya kashe mutum, domin jirgin yana taɓa ƙasa ne da gudun da bai wuce na motar haya a babbar hanya ba. Maganinsa ma sananne ne: idan sauka ta ƙi daidaita, ka ba inji wuta ka koma sama ka sake zagayowa. Girman kai ne kawai ke hana wasu.

Mai kashewar daban yake. Wani nazari da ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta Amurka, AOPA, ta yi kan haɗuran koyo da aka rasa rai a cikinsu daga 2000 zuwa 2019 ya gano cewa fiye da rabinsu jirgin ne ya ƙwace wa matuƙi a sama, kuma akasari ta hanya ɗaya. Bari in yi bayaninta, don a nan maganar take.

Fiffiken jirgi yana ɗaukar nauyi ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da wani mizani, wajen digiri 16 zuwa 18 tsakanin fiffike da iskar da ke tunkararsa, sai iskar ta rabu da bayan fiffiken, ɗaukar ta yanke. Matuƙa na kiran wannan sitol, kuma ba ruwansa da mutuwar inji. Inji na iya kasancewa yana ruri lafiya lau. Idan fikafikan biyu suka saki tare, hanci ne zai faɗi, a sassauta sitiyari a ƙara wuta, magana ta ƙare. Amma idan ɗaya ya riga ɗaya saki, jirgin zai kife ta wannan gefen ya shiga juyawa kamar katantanwa yana nufar ƙasa. Fita daga wannan juyi kan ci sama da ƙafa 1,000 ko a hannun gwani.

Yanzu ku duba inda abin ke faruwa. Ɗalibi na zagaya fili a tsayin ƙafa 1,000, yana saukowa a hankali, har ya zo kwana ta ƙarshe da za ta saita shi da titin sauka. A nan bai fi ƙafa 400 zuwa 500 daga ƙasa ba, gudunsa kuma kaɗan ne. Iska ta turo shi ya wuce saitin titi. An sha gargaɗinsa kada ya karkata jirgi da yawa kusa da ƙasa, don haka sai ya taka fedar wutsiya don ya jawo hancin da ƙarfi, yana kuma jan sitiyari baya. Haɗin da ke jawo juyin katantanwa ke nan daidai, a wurin da babu sararin fita. Daƙiƙu kaɗan ne tsakaninsa da ƙasa.

An daɗe ana gardama kan yadda za a koyar da wannan. A 1949 hukumomin Amurka suka cire gwajin juyin katantanwa daga sharuɗɗan lasisin matuƙi na farko, domin koyar da shi kansa yana cin rayuka, aka koma koya wa ɗalibi ya gane alamun sitol tun kafin ya auku. Wasu malamai ba su taɓa gamsuwa ba. Da kamfanin Piper zai fito da jirginsa na koyo, Tomahawk, a 1978, ya tambayi malaman tuƙi me suke so, da yawa suka ce jirgin da zai shiga juyi da gaske don ɗalibi ya ɗanɗana. Haka aka ƙera shi. Daga baya hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta ƙiyasta cewa haɗuransa na sitol da juyi sun ninka na Cessna 150 da 152 sau uku zuwa biyar, duk da cewa AOPA ta ce idan aka haɗa haɗura kowane iri, nasa sun fi ƙaranci. Ni dai a ganina ɓangarorin biyu kowa na da gaskiyarsa, abin da ya rage shi ne a wane tsayi ake gwajin, kuma wa ke zaune a kujerar dama.

Wanda ke kujerar dama shi ne malami, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san wuyar aikinsa. Idan ka yi saurin karɓe alli daga hannun yaro ba zai iya ba. Idan ka bar shi ya yi nisa cikin kuskure gyara ya yi wuya. A aji ana goge allo a sake. A jirgi, jinkirin malami na daƙiƙa biyu wajen karɓe tuƙi yana cikin dalilan da masu bincike ke yawan rubutawa. Kuma a ƙasashe da dama malaman nan matasa ne da ba su daɗe da samun lasisi ba, suna koyarwa ne don su tara awannin da manyan kamfanoni ke nema.

Na biyu a wancan nazari na AOPA shi ne karo a sama, irin na Nairobi. Ɗaya daga cikin mafiya muni a tarihin jiragen koyo ya faru ranar 25 ga Satumba 1978 a San Diego, inda Boeing 727 na kamfanin PSA ya afka wa Cessna 172 daga baya. Mai koyon yana sanye da wani murfin fuska da ke hana shi ganin waje, domin yana atisayen tuƙi da na'urori kaɗai. Matuƙan babban jirgin sun hango ƙaramin, daga baya ya ɓace musu, ba su kuma fayyace wa hasumiya cewa sun daina ganinsa ba. Mutum 144 suka mutu: 135 a babban jirgi, biyu a ƙarami, bakwai a unguwar da tarkacen ya faɗa. A Yulin 2018 ma jirage biyu na makaranta ɗaya sun yi karo a saman fadamar Everglades ta jihar Florida, mutum huɗu suka mutu. Siffar jiragen na taimakawa: Cessna fiffikensa a sama yake, yana rufe wa matuƙi abin da ke bisansa, Piper kuwa nasa a ƙasa yake, yana rufe abin da ke ƙarƙashi. Idan Piper na sama Cessna na ƙasa suna nufar titi ɗaya, babu mai ganin wani.

Sai yanayi. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'urori ba, aka toshe musu ganin waje kamar sun shiga gajimare. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne, bai cika minti uku ba. Dalili kuwa, abin da ke cikin kunnen ɗan Adam mai gaya masa a miƙe yake ko a karkace yana ruɗuwa da zarar ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Wanda ya san hazon hunturu a Tamale ko Garwa ko Kano, ranar da rana ke zama kamar faifai fari, ya san ba sai da gajimare wannan layin ke ɓacewa ba.

Inji kan tsaya, ba a musu, amma sau da yawa mutum ne ya tsayar da shi. Cessna 152 na ɗaukar man da za a iya amfani da shi wajen lita 93, yana shan kusan 23 a awa, kuma agogon mansa ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ake hawa a leƙa tanki da ido. Ana kuma tsiyayo mai kaɗan a ɗan kofi daga ƙasan tanki kafin kowane tashi: man shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, zai kwanta a ƙasan kofin. Wani abin mamaki shi ne ƙanƙara a cikin kafireto. Iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireto tana yin sanyi da maki 20 zuwa 30, har danshin cikinta ya daskare ya toshe hanya. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta ce hakan na iya faruwa ko zafin waje ya kai maki 38 idan akwai danshi. Ke nan mai tashi a Douala ko Accra da damina bai tsira ba don kawai yana gumi. Akwai ɗan maɓalli da ke turo iska mai zafi ta narkar da ƙanƙarar, mantawa da shi ne matsalar. Idan kuma injin ya tsaya jim kaɗan bayan tashi, zuciya na raya wa matuƙi ya juya ya koma titin da ya baro, alhali abin da ake koya masa shi ne ya sauke hanci ya nemi fili a gabansa. Masu juyawa da yawa sun ƙare a juyin katantanwar nan.

Akwai lokacin da laifin na ƙarfe ne zalla. Ranar 4 ga Afrilu 2018 a Daytona Beach ta Florida, wani ɗalibin Jami'ar Embry-Riddle yana cikin jarrabawar lasisi tare da mai jarraba shi a jirgin Piper Arrow, suna hawa bayan sun taɓa titi sun sake tashi, sai fiffiken hagu ya cire ɗungurungum. Duka biyun suka mutu. Babu kuskuren tuƙi ko ɗaya. NTSB ta gano tsaga a azarar ƙarfen da ke riƙe fiffike, tsagar da ta daɗe tana ci a ɓoye kusa da ramin kusoshi. Jirgin bai fi shekara goma da 'yan kai ba, amma ya sauka sama da sau 33,000, domin jirgin makaranta wuni yake yana tashi yana sauka a hannun masu dira da ƙarfi. Bayan wannan ne FAA ta wajabta a riƙa binciken wannan wuri da na'urar gano tsaga a irin waɗannan jirage na Piper da suka yi aiki mai yawa. Uban da zai biya kuɗin makaranta yana da damar ya tambaya ko an yi wa jiragensu wannan bincike, da awa nawa malamin ɗansa ya yi a sama, da kuma wane ne ke da ikon hana ɗalibi tashi ranar da hazo ya sauko.