Yankwashi a Kan Taswirar 'Yan Mishan

Duk mai wayar zamani a Karkarna ko Achilafiya zai iya buɗe Google Maps ya leƙo garinsu daga sama. Zai ga rufin kwano, ya ga layin gonaki, ya ga hanyar da ta nufi Kazaure, har inuwar manyan itatuwa. Wannan hoton da yake kallo a tafin hannunsa, shi ne mutumin da ke zaune a Amurka ko Koriya yake kallo in ya ga dama. Cikin masu kallon akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan lafiya, akwai masu binciken jami'a, akwai kuma ƙungiyoyin yaɗa addinin Kirista, waɗanda muka saba kira 'yan mishan. Su waɗannan na ƙarshe sun daɗe da mayar da taswira kayan aiki, sun kuma gina fanni guda a kanta. Ya kamata mai karatu, Musulmi ne ko Kirista, ya san yadda abin yake tafiya, domin rashin sani kan haifi ɗayan biyu: sakaci ko jita-jita.

Ƙirga mutane kafin a je musu da wa'azi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1792 wani Baturen Ingila mai sana'ar dukanci, William Carey, ya wallafa ɗan littafi da ya jera ƙasashen duniya, girman kowace, yawan mutanenta da addininsu. A 1910, lokacin babban taron 'yan mishan a Edinbura, an fito da kundin taswirori mai nuna inda tashoshinsu suke a faɗin duniya. A irin waɗannan taswirori ƙasar Hausa fili ce kusan wayam. Dalili kuwa sananne ne. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller sun iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su masauki na dindindin ba. Bayan Turawa sun ci ƙasa a 1903, shugabansu Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, gwamnatin Turawa kuma ta riƙa taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, ba don ƙaunar Musulunci ba, sai don gudun abin da zai dagula mata mulki.

Ƙofar ta buɗe ne ta fuskar magani. A shekarun 1930 aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka kafa a 1893, kula da zangon kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe mutane ke tururuwa zuwa gare shi a ƙarƙashin cocin ECWA. A nan ƙasar Kazaure ma SIM ta yi tasha a Roni, da makarantar kwana ta yara maza. Mutanen wancan zamani da ƙafa da doki suka san ƙasa. Sai sun zauna sun koyi Hausa, sun gaida hakimi, sun san wane ƙauye ne na Maguzawa, wanne ne na malamai, kafin su ɗiga alama a takarda. Taswirarsu ba ta da kyan gani, amma duk ɗigon da ke cikinta wani ya taka wurin.

Abin da ya sauya lissafi tunani ne, kafin na'ura ta biyo baya. A taron Lozan na ƙasar Suwizalan a 1974, wani malamin mishan ɗan Amurka, Ralph Winter, ya ce kuskure ne a riƙa ƙirga duniya ƙasa-ƙasa. Najeriya, alal misali, tana da miliyoyin Kiristoci, amma wannan bai ce komai ba game da Bahaushen Babura ko Bafulatanin Gwiwa, tunda harshe da al'ada sun raba su da cocin Legas. Sai a ƙirga al'umma-al'umma, in ji shi, a gano waɗanda bishara ba ta kafu a cikinsu ba. To da zarar an ce al'umma, dole a tambayi ina take zaune, ina iyakarta, mutum nawa ne. Tambayoyin taswira ke nan.

A daidai lokacin fasahar da ake kira GIS tana tasowa. An fara ta a Kanada a shekarun 1960 domin lissafin filaye da dazuzzuka, kamfanin Esri na Amurka, wanda aka kafa a 1969, ya mayar da ita haja. Yadda take aiki ba wuya. Ana shimfiɗa bayanai hawa-hawa, kamar yadda ake shimfiɗa tabarma a ɗora darduma a kai. Hawan ƙasa hoton tauraron ɗan'adam ne. A kansa a ɗora iyakokin jihohi da ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, sannan hanyoyi da koguna, sannan yankin kowane harshe, sannan yawan jama'a, sannan ɗigon majami'u, asibitoci da makarantu. Kowane ɗigo yana ɗaure da jadawali a bayansa. Saboda haka mai aiki zai iya ce wa kwamfuta ta nuna masa duk garin da ya haura mutum dubu biyar, masu jin harshe kaza, wanda babu majami'a kilomita ashirin kewaye da shi. Aikin da da zai ci wata shida ana bin takardu, sai ya fito cikin ƙiftawar ido.

A 1983 Bob Waymire ya kafa Global Mapping International domin kawo wannan fasaha cikin aikin mishan. Da taimakon masananta ne Luis Bush ya fito da abin da ya kira Taga 10/40 tsakanin 1989 da 1990: wani zirin duniya daga digiri 10 zuwa digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya biyu, daga Afirka ta Yamma har gabashin Asiya. Hujjarsa ita ce a cikin wannan ziri ne mafi yawan Musulmi, 'yan Hindu da mabiya Buda suke, kuma nan ne talauci ya fi katutu. A Najeriya layin digiri 10 ya ratsa ta ɗan arewa da Jos. Zariya tana wajen digiri 11, Kano 12, Kazaure da Yankwashi sun haura 12 da rabi. Kenan in aka bi awon layi, ƙasar Hausa tana cikin tagar tun daga bakinta na kudu. Wannan taswira ɗaya ta yi tasirin da dubban huɗubobi ba su yi ba wajen karkata kuɗi da ma'aikata, domin mai ba da gudummawa a coci ba ya buƙatar karanta littafi, jan launi kawai zai gani.

Bayanan da ake zubawa cikin manhajar daga rumbuna kaɗan suke fitowa. Akwai Ethnologue, kundin harsunan duniya da aka fara a 1951 domin masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda yanzu jami'o'i ma ke dogaro da shi. Akwai littafin Operation World na Patrick Johnstone, da babban kundin David Barrett na 1982. Akwai Joshua Project, wanda aka fara a 1995, yana kuma buɗe a intanet ga kowa. Ma'auninsa shi ne, al'ummar da Kiristocinta ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba, masu bin tafarkin bishara a cikinta kuma ba su wuce kashi 2 ba, ana lissafa ta cikin waɗanda ba a kai gare su ba. Hausawa da Fulani suna cikin wannan jeri. Kada kuma a ɗauka aikin Turawa ne zalla. ECWA tana da reshenta na mishan, ƙungiyar mishan ta CAPRO a Zariya aka haife ta a 1975, ƙungiyar haɗin kan mishan ta Najeriya, NEMA, ta kafu a 1982. Ita Global Mapping International ta rufe a 2017, lokacin da kayan aikin da ta yi fice da su suka zama ruwan dare.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari shi ne bambancin hawa da hawa. Hoton tauraron ɗan'adam awo ne. Yana iya nuna rumbu a bayan gida, yana iya ƙirga rufi. Amma babu tauraron da ke ganin abin da ke zuciyar mai gidan. Hawan addini ƙiyasi ne, kuma a Najeriya ƙiyasin tsaye yake a kan ƙafa mai rauni. Ƙidayar 1963 ce ta ƙarshe da aka fitar da alƙaluman addini daga gare ta. Ta 1991 da ta 2006 da gangan ba su tambayi addini ko ƙabila ba, saboda gudun rigima. Jihar Jigawa kanta a 1991 aka ƙirƙiro ta, ƙaramar hukumar Yankwashi kuwa a 1996. Don haka duk wanda ya nuna maka taswira mai cewa kashi kaza na mutanen wannan yanki addini kaza suke bi, to daga tsohuwar ƙidaya ya jawo, ko daga binciken da ya tambayi mutane ƙalilan, ko daga rahoton wani ma'aikaci da ya wuce ta wurin. Matsalar ita ce kwamfuta tana zana ƙiyasi da tsabta ɗaya da awo. Launin ya fito sumul, iyakar ta fito tsaf, sai ido ya ba wa hasashe amanar da ta dace da hoto kaɗai.

Iyakar harshe ma haka take. Taswira za ta shafa wa ƙasar Kazaure launi ɗaya ta ce Hausa. To masarautar da Ɗan Tunku, Bafulatani, ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda gidajenta da yawa Fulani ne a asali Hausawa a baki, wane launi ya dace da ita? Makiyayin da ke rani a nan damina a Nijar fa, ko ɗan ci-rani da rabin shekararsa a Legas take? Ga kuma Maguzawa, waɗanda cikin shekaru hamsin da suka wuce wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci, har a gida ɗaya akan sami wa da ƙane kowa da alƙiblarsa. Zane mai gefe huɗu ba ya ɗaukar wannan. Su kansu masanan mishan sun yi ta sukar junansu a kan haka, wasu na cewa tsarin ya mayar da mutane abin hari maimakon maƙwabta.

Akwai kuma haɗari da ya fi shafar Kiristan ƙauye fiye da kowa. Taswirar da ta ɗiga gidan da ake taruwa ranar Lahadi a wani lungu, in ta faɗa hannun mai mugun nufi, ta zama jagora. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ba sa fitar da irin wannan hawa fili. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, sashe na 38 na kundin tsarin mulki kuma ya ba kowa 'yancin riƙon addininsa da yaɗa shi. Ma'anar haka a aikace ita ce, wa'azi halal ne a doka ga Musulmi da Kirista, amma tattara sunayen mutane da addininsu da inda suke kwana ba da yardarsu ba, wani abu ne daban. Duk wanda ya shigo ƙauye da waya yana tambayoyi, haƙƙin mai unguwa ne ya ji wace ƙungiya ta aiko shi, me za a yi da amsoshin, ina za a ajiye su. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Sai dai tambaya daban, zargi daban. Mun ga abin da jita-jita ta jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin lura kuwa, wannan fasahar taswirar ce ta taimaka wajen gyara ɓarnar. Daga wajen 2012 aka zana garuruwa da rugagen jihohin Arewa, har da Jigawa, daga hoton tauraron ɗan'adam, aka ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka. Sai ga ƙauyukan da ba su cikin taswirar hannu ta ofis, waɗanda aka yi shekaru ana tsallakewa. A watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Mai riƙe da waya yana ɗaukar alamar wuri a Roni yau, ya fi yiwuwa ma'aikacin lafiya ne ko na aikin gona ko na hukumar ƙidaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, waɗanda suka fi kowa sanin ƙasar su ne ba su zana ta ba. Dagaci ya san kowace rijiya da ta ƙafe, kowace makarantar allo, kowane gulbi da ke yanke hanya a watan Agusta, amma sanin yana kansa, in ya rasu a binne da shi. Kayan aikin kuwa yanzu kyauta ne. QGIS manhaja ce da ba a biyan ko kwabo, OpenStreetMap da aka fara a 2004 kowa na iya shiga ya ƙara sunan unguwarsu da rubutun da ya dace, bayanan garuruwa da cibiyoyin lafiya na shirin GRID3 suna nan a buɗe. A Kazaure akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha, cike da matasan da za su iya koyon wannan cikin zango ɗaya. Ɗalibai goma da babura biyu za su iya ɗiga duk famfon burtsatse na ƙaramar hukumar Yankwashi, mai aiki da wanda ya lalace, kafin damina ta faɗi, su miƙa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a Karkarna.