Komawa Motsa Jiki Bayan Jinya

Wanda ya tashi daga jinya, kamar ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko taifot, ko aikin tiyata, yakan zaci ƙarfinsa ya dawo tun ranar da aka sallame shi. Alhali kuwa doguwar kwanciya tana raunana tsoka, tana rage juriyar zuciya, zazzaɓi kuma yakan rage jini. Saboda haka wanda ya koma ƙwallo, ko noma, ko dako a kasuwar Suleja farat ɗaya, yana iya sake kwantawa.

Da farko a nemi iznin likita a Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa, musamman ga masu hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya. Sa'an nan a fara da tafiyar minti 10 a inda babu hawa, bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, don kauce wa zafin rana, balle a watannin Maris da Afrilu. In jiki ya karɓa, a riƙa ƙara minti 5 kowane mako. Alamar ba a wuce kima ba ita ce mutum ya iya magana yana tafe, haki bai sarƙe shi ba.

A shekarar 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙa'idodinta na 2020 ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mai murmurewa a hankali zai kai ga wannan adadi.

Da zarar an ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ɗauke, a dakata, a koma asibiti. Jama'a a tuna, sannu ba ta hana zuwa.