Babi na Bakwai: Shinkafa da Lissafin Dare

Manomin fadama a kwarin Rima ya san wani abu da ɗan birni kan ɗauka almara ce. Ka shuka jar shinkafar gargajiya da faɗuwar damina, maƙwabcinka ya makara ya shuka tasa bayan makonni, amma kusan tare za su ɗauki ciki, tare za su fitar da kai. Bambancin kawai, taka ta fi tsayi da kauri.

Bayani kam ba a rasa ba. Wasu su ce raɓa take jira, wasu su ce sai ta ji iskar hunturu. Wanda ya fi ba da haushi shi ne mai cewa irin ne ya tsufa, ya zama malalaci. Wane irin lalaci? Shuka ce da aka horar a dausayin kogin Neja na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, wadda masana ke kira Oryza glaberrima, kuma dabam take da shinkafar Asiya. Ba ta ƙidaya kwanaki daga ranar shuka, tsawon dare take aunawa. Sai dare ya kai wani miƙo take yarda ta yi fure.

Yadda aka gano haka ma ba a gonar shinkafa ba ne. A Amurka akwai wata taba mai suna Maryland Mammoth, wadda takan yi ta tashi duk tsawon lokacin zafi, ganye bisa ganye, ta fi mutum tsayi, amma ta ƙi fure har sanyi ya zo ya kashe ta. Mai son iri sai ya shigar da ita ɗakin gilashi, can take fure cikin hunturu. Wasu masana aikin gona biyu, Garner da Allard, suka gwada zafi, suka gwada laima, suka gwada taki, duk a banza. Daga ƙarshe suka koma ga abin da ya yi kama da wasan yara: kullum da la'asar su kwashe tukwanen su kai wata rumfa mai duhu, da safe su fito da su. Taba ta yi fure a tsakiyar lokacin zafi. Suka buga sakamakon a 1920. A 1938 wasu suka nuna cewa duhun ne abin lura, domin ɗan haske kaɗan a tsakar dare ya isa ya ɓata lissafin. Shi ya sa a Japan ake ganin shinkafar da ke ƙarƙashin fitilar titi tana makara wajen fitar da kai, alhali sauran gonar ta nuna.

A Sakkwato, tsakanin wuni mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai fi kamar awa ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan tazara shuka ke gane cewa damina ta juya. Bahaushe ya san wannan hali a hatsinsa: gero kwanakinsa yake cikawa ya nuna, maiwa kuwa sai lokacinta.

Ta fuskar ƙwayoyin gado, ganye ne ke yin awon. Wata ƙwaya da ake kira Hd1, wadda masanan Japan suka tantance a 2000, ita da wata mai suna Ghd7 suke danne fure idan wuni ya yi tsawo. Dare na miƙewa sai wata mai suna Hd3a ta aika saƙo daga ganye zuwa tsiron kan kara. Irin da ake nomawa can arewacin Japan, a Hokkaido, ya rasa aikin Ghd7, don haka yake saurin nuna kafin sanyi.

Amfanin wannan ga mai noman ambaliya a fili yake. Ruwa na hawa, kara na ƙara tsawo yana bin sa. In ta yi fure da wuri, zangarniya ta nutse. In ta jinkirta, ƙasa ta bushe kafin ƙwaya ta cika. Tun da zurfin fadama ba ɗaya ba ne, manoma suka riƙa ware iri: na bakin tudu mai saurin fure, na tsakiya, na ƙurya inda ruwa ke daɗewa. A dunƙule shinkafar Afirka ba ta kai ta Asiya yawan bambancin gado ba, amma a wannan hali na lokacin fure an tara dukiya a rumbunan ƙauye.

Sabbin iri, tun daga IR8 da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar a 1966, an rage musu wannan jin dare da gangan, don a noma su damina da rani. A gonar ban ruwa hakan daidai ne, ba mai ja. Matsalar jar shinkafa daga wani gefe ta zo. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke sauka ƙasa da ita ta ragu, lokacinta ya sauya. Shinkafar tana nan tana fure a makon da ta saba, amma a fadamu da yawa ruwan da aka zaɓe ta dominsa ya daina zuwa yadda yake zuwa a da, manoma da dama suka bar noma ta.