Maganin Tire a Kasuwar Ingal

Marar lafiya a Ingal, garin da ke kusan kilomita 160 yamma da Agadas, ƙofa uku yake da ita: likitar gwamnati, mai maganin gargajiya, ko mai tallar ƙwayoyi a tire. Na ukun ba ya rasa ciniki, musamman a watan Satumba, lokacin bikin Cure Salée, da Abzinawa da Bororo ke sauka da garkunansu.

Dalilin a fili yake. Makiyayin da ya baro raƙuma a daji ba shi da lokacin bin layi, mai tire kuwa ba ya neman takardar likita, kuma ko na dala ashirin aka ce ya ba da, zai yanko. Abin takaicin shi ne yadda ake sayen. Mutum zai tsaya ya nuna da yatsa, ya ce a ba shi "ja da rawaya" guda biyu, bai san sunansa ba, balle ya duba ranar lalacewarsa. Maganin ya wuni cikin ranar Azawak, kwalin ya koɗe, mai sayarwar ma sau da yawa ba ya iya karanta abin da ke jiki. Wannan mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ne ke haɗiye ƙwaya ido rufe, har ya ɓallo rabi ya ba yaro.

Gasar ƴan kasuwa tana amfani a cinikin dabino da gishiri, don mai saye yana iya ɗanɗanawa. Ingancin magani ba ya ganuwa da ido, saboda haka gasar takan koma ta wa ya fi araha. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Nijar ta ɗanɗana kuɗarta a 1995, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin jabu.

Nan aikin hukuma yake: tantance magani, kame na jabu, da kai likita kusa da mashekari. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, a 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Sai dai in an je an tarar babu magani, tiren ake komawa.

Duk da haka, zazzaɓi a fara gwada jini kafin a sha komai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin amoxicilline, a saye shi a farmasi ko a likita, cikin kwalinsa, a shanye adadin kwanakin da aka rubuta ko da jiki ya yi sauƙi. Shan biyu a ajiye sauran shi ke sa cutar ta saba da maganin, in ta dawo ya daina ci.