Sunan Mota Ɗaya, Kayan Ciki Daban: Kafin A Sayo Miki Altaneta

Uwargida, idan motar gidanku ce ke kai yara boko da Islamiyya, ita ce ta cefane, ita ce kuma ta gudu zuwa asibiti in zazzaɓi ya tashi da tsakar dare, to akwai wata 'yar jar fitila a dashbod da ya kamata ki san ma'anarta, wato mai siffar batir. Da yawanmu in ta kama sai mu ce batir ya mutu. Sau da yawa kuwa ba laifinsa ba ne. Fitilar na gaya miki ne cewa batir ya daina samun caji, abin da ke cajinsa kuma shi ne altaneta, wani ɗan janareto da fambel ke juyawa muddin inji na aiki. In ya tsaya, motar za ta ci gaba da tafiya da ragowar wutar batir. Fitilu su dushe, waifa ta yi sanyi, rediyo ya ɗauke, daga nan ta mutu a inda ta ga dama, ko da a tsakiyar shataletale ne da yara uku a baya.

Gano matsalar ba wuya. Wahalar tana wajen sayen wani. Bakanike zai ce a kawo kuɗi, a tura yaro kasuwa da saƙon "altanetan Corolla 2005", a kawo, ya ƙi zama. Ko kuma ya zauna da ƙyar, bayan mako biyu ki koma gidan jiya.

Dalili shi ne yawancin motocin gidajenmu tokumbo ne, sun shigo ta Legas ko Kwatano, daga Amurka da Kanada da Turai da ƙasashen Larabawa. Kamfani kuwa kowace kasuwa da irin motar da yake ƙera mata, ko da suna ɗaya ne a bayan but. Ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 'yar Amurka: injinta mai lita 1.8 ne, wanda ake kira 1ZZ-FE. Takwararta ta Turai ta wannan zamanin ta fi zuwa da lita 1.4 ko 1.6, akwai ma mai shan dizal. Masu fetur ɗin 'yan gida ɗaya ne, don haka wani kayan nasu kan yi daidai, wani ya ƙi. Mai dizal kam hanyarta daban. Labarin Honda Accord ya fi wannan ban mamaki. Wadda aka sayar a Amurka daga 2003 zuwa 2007 ba ita ce Accord ɗin Turai ba sam. Ta Turai ƙaramar mota ce dabam, har ma da aka kai ta Amurka sai aka sa mata suna Acura TSX. Ita ma Camry ta 2007, wadda ake yi wa laƙabi da "Muscle", akwai mai silinda huɗu lita 2.4, akwai mai silinda shida lita 3.5, kowanne da nasa altanetan.

A asibiti ba ma ɗaura wa majinyaci leda don kawai an ce jini ne. Sai an duba rukuni, an gwada an ga sun dace. Haka nake kallon wannan sayayyar, kuma rukunin motarki yana nan rubuce a jikinta.

Fara da lambar casis. Haruffa da lambobi ne guda 17, za ki gan su ta ƙasan gilashin gaba wajen direba a motocin Amurka, ko a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, suna kuma cikin takardun mota. Farkonta ne ke faɗin ƙasar da aka haɗa motar. Harafin J na Japan ne. Lamba 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 kuma Kanada. Toyota da ta fara da SB1 daga Ingila ta fito, NMT daga Turkiyya, 6T1 daga Ostareliya, inda aka daɗe ana ƙera Camry ana kai wa ƙasashen Larabawa kafin a rufe masana'antar a 2017. A motar Amurka, abu na goma a jerin shi ne shekara: 5 na nufin 2005, A na nufin 2010. Wannan na da amfani, domin shekarar da dillali ya faɗa wa maigida ba lallai ita ce ta gaskiya ba, balle motar da aka canza wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabuwar yayi. Wata alama mai sauƙi: in manyan lambobin malejin gudu a mil suke, da wuya in ba 'yar Amurka ba ce.

Sai dai lambar casis tana ba ki labarin motar ne a ranar da ta bar masana'anta. A nan ƙasar ana yawan sauke inji a ɗora wani, kuma wanda aka ɗora zai iya zama na wata nahiyar. Saboda haka shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tsohon altanetan kansa. A jikinsa akwai 'yar takarda mai lamba. Na Toyota yakan fara da 27060, na Honda da 31100, galibi kuma akwai ƙarfinsa a rubuce, kamar 80A ko 100A. Ki ce a goge ta, ki ɗauke ta hoto da wayarki, ki ɗauki hoton bayansa da soket ɗinsa, ki tura wa mai shago ta WhatsApp kafin kowa ya hau Keke Napep.

Idan an kawo sabon, a jera shi da tsohon a gabanki. Ramukan noti su yi daidai. A ƙirga layukan da ke kan fuli, inda fambel ke hawa, don wani shida ne wani bakwai. In ba su dace ba fambel zai riƙa ƙara yana cinyewa. Ƙarfin kada ya gaza na asali, musamman ga mu da esi ba ya hutawa daga Maris zuwa Mayu. In ya ɗan fi, kuma komai nasa ya zauna, ba laifi.

Inda nake so ki tsaya kai da fata shi ne soket. A Toyota akwai mai baki uku, akwai mai baki huɗu. Idan bai shiga ba, amsar da za ki ji ita ce, "Hajiya ba komai, yanka waya za mu yi mu haɗa." Kada ki yarda da sauri. Kowace waya da aikinta: wata ce ke kunna fitilar gargaɗin nan, wata ke auna wutar batir, wata kuma ke magana da kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. A Honda da yawa kwamfutar ce ma ke umartar altaneta ya ƙara caji ko ya rage. Wayar da aka yanke aka naɗe da salatif, wani aiki ne aka kashe. Motar na iya tashi lafiya lau a gareji, amma ranar da caji zai sake tsayawa fitilar ba za ta faɗa miki ba, ko kuma caji ya yi yawa ya dafa batirin da ba a daɗe da saya ba.

Kafin duk wannan ma, ki tabbatar ya mutu ɗin. Mai wayarin ya sa mita a kan batir: mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna kusan 12.6, in an tayar kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Kada ki bari a cire kan batir inji na aiki da sunan gwaji. Tsohuwar dabara ce ta zamanin da mota ba ta da kwamfuta, yanzu tana iya ƙona kayan da suka fi altanetan tsada. Wani lokaci fambel ne kawai ya saki. Wani lokaci burushi ne ya cinye, ko regileta, ko boris, duk kuwa ana canza su. Ni a ganina, gyara na asalin da ya zo da motar a hannun ƙwararre ya fi sayen sabo mai ƙyalli da ba a san inda aka ƙera shi ba. Mai Prius ko Camry Hybrid kuma ta sani motarta ba ta da altaneta kwata-kwata, kada wani ya karɓi kuɗinsa.

In sayen ya zama dole, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a tafi da tsohon a hannu. A yi magana a fili tun kafin a biya: kwana nawa ne garanti, kuma za a karɓa in bai yi ba? A rubuta a rasit tare da lambar kayan. Tsohon kuma a dawo miki da shi gida, don in an gyara shi zai yi rana.

Idan kuwa fitilar ta kama kina kan hanya, kashe esi da rediyo, ki nufi gida ko gareji mafi kusa, kada ki kashe motar sai kin isa, domin mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba. Amma ki sa ido kan allurar zafi. A Corolla da Camry mai silinda huɗu da na ambata, fambel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwan inji. In kin ga fitilar batir ta kama, allura kuma na hawa, alamar fambel ya tsinke ke nan. Ki gangara gefen titi ki kashe motar nan take, ki fito da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi, sannan ki kira bakanike.