GIMP 3.0: wahalar masu ƙunshe manhaja da ba a ganin su

A watan Maris na shekarar 2025 ne aka fito da GIMP 3.0, manhajar gyaran hotuna wadda ake samu kyauta, bayan shekara 7 da fitowar GIMP 2.10. Masu ɗab'i da masu ɗaukar hoto da ba su iya biyan kuɗin hayar Photoshop, wanda kamfanin Adobe ya mai da na biya wata-wata tun 2013, sun san amfaninta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai wasu mutane tsakanin masu rubuta manhajar da mai aiki da ita, kuma a kansu ne nauyin wannan sauyi ya fi faɗawa.

Masu rubuta GIMP rubutun asali suke fitarwa, wanda kwamfuta ba ta iya aiki da shi sai an gina shi. Masu ƙunshi su ne ke ɗaukar wannan rubutu, su gina shi, su haɗa shi da duk abin da yake bukata, kana su ajiye shi a rumbun tsarinsu na Linux, kamar Debian ko Fedora ko Ubuntu, ta yadda mai bukata zai sauke shi da umurni guda. Yawancinsu aikin sa kai suke yi. Ɗan kasuwa zai gane matsayinsu da sauri: su ne masu fiton kaya, in suka tsaya, haja ba ta isa kanti.

Sauyi na farko ya shafi kayan ginin da kansu. Shekara da shekaru GIMP na amfani da Autotools, tsohon kayan aikin GNU wanda asalinsa ya koma farkon shekarun 1990. A 2022 shugabannin aikin suka roƙi masu ƙunshi da su koma ga Meson, wanda wani ɗan ƙasar Finlan, Jussi Pakkanen, ya ƙirƙiro, kuma a 2023 aka cire Autotools kwata-kwata daga reshen da ya zama 3.0. Meson ya fi sauri, rubutunsa ya fi sauƙin karantawa, amma duk umurnin ginin da mai ƙunshi ya tanada sai ya sake rubuta shi. Inkscape, manhajar zane, ta riga ta bi irin wannan hanya a 2017 lokacin da ta koma ga CMake.

Na biyu shi ne GTK, tubalin da ake zana tagogi da maɓallan manhaja da shi. Abin mamaki, domin GIMP aka ƙirƙiro GTK tun farko, bayan da ɗalibai biyu na jami'ar Bakli ta Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara aikin a 1995. Duk da haka GTK 3 ya fito a 2011, GTK 4 ya biyo baya a Disamba 2020, ita kuwa GIMP tana nan kan GTK 2 har 2025. Uwa ta zama ta ƙarshe a sahun ƴaƴanta. Ma'anar wannan ga masu ƙunshi ita ce sun ci gaba da riƙon tsohon tubalin da masu shi suka daina kula da shi, suna toshe ɓarakarsa da kansu, sabili da ƴan manhajoji kaɗan da ba su rabu da shi ba.

Amma inda abin ya fi taɓa mai aiki shi ne maganar Python. Da yawa daga ƙananan kayan ƙari na GIMP 2.10 da harshen Python 2 aka rubuta su, kuma an daina kula da Python 2 ran 1 ga Janairu 2020. Tsarin da ke ɗauke da dubban manhajoji ba ya iya ajiye harshen da ba mai gyara masa ɓarakar tsaro. Ubuntu 20.04 ta fito ba tare da ɓangaren Python na GIMP ba. Mutum ya sabunta kwamfutarsa, ya buɗe GIMP, ya nemi abin da ya saba goge tabo ko cire mutum daga hoto da shi, ya tarar babu. Zagin kuwa a kan masu ƙunshi ya sauka, alhali zaɓi biyu kawai ke gabansu: su bar ƙofa buɗe ga ɓarayi, ko su rage wa manhaja wani sashe. A ganinmu sun yi daidai, ko da yake shekara 5 na jira ba kaɗan ba ne ga wanda abincinsa ke nan.

GIMP 3.0 ta koma ga Python 3, sai dai kayan ƙarin da aka rubuta wa 2.10 ba su aiki a cikinta sai an sake musu rubutu. Haka kuma kowace fitowa takan bukaci sabon babl da sabon GEGL, tubala biyu masu kula da launi da sarrafa hoto, don haka dole mai ƙunshi ya fara gina su kafin ya taɓa GIMP.

Wannan jinkiri ne ya sa masu GIMP ke rarraba nasu ƙunshin kai tsaye, ta Flatpak da AppImage, inda manhaja ke zuwa da kayan dogaronta a tare. Kuɗinsa shi ne nauyi: saukewar ta fi girma, kuma wanda ke sayen intanet da awo a Maraɗi ko Damagaram zai ji a aljihunsa.

Debian 13, da ta fito a Agusta 2025, tana ɗauke da GIMP 3.0. Ofis ko maɗaba'ar da ke shirin sauyawa ta fara duba kayan ƙarin da take dogaro da su. GIMP 3.0 na buɗe tsofaffin fayilolin XCF, amma fayil ɗin da aka adana da sabbin dabarunta ba lalle 2.10 ta iya buɗe shi ba, abin da zai dami duk wurin da kwamfutoci biyu ke aiki ɗaya da manhaja iri biyu.